Kunne, Mai Jin Ramuka Biyu

Ni ba mai yabon mutane ba ne, kuma ba yabo na zauna yi ba. Abin da Kunne ya yi zan faɗa, wanda ya ga dama ya ɗora a sikeli.

Shekara ashirin da uku ke nan ina tuƙa tifa a wurin fasa dutse. Ramuka biyu muke ci, Babba da Ƙarami. A tsakaninsu akwai wani dogon dutse mai ruɓaɓɓen ciki da kamfani ya ƙi taɓawa, muna ce masa Tozo. A samansa aka kafa wani ɗan ɗakin kwano, tebur ɗaya, kujera mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗun, babbar na'urar oba-oba, rediyon da muke magana da juna ta cikinsa, sai madannin jiniya a jikin bango cikin akwatin gilashi. Nan Kunne ya yi shekara goma sha ɗaya.

Yana ɗan sha tara ya zo wurin, bayan ubansu ya rasu ya bar masa uwa da ƙanne huɗu. Injin huda dutse aka ba shi, ya riƙe shi shekara goma sha tara har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu. Duk sabon ma'aikaci sai ya yi wata guda a hannunsa kafin a bar shi ya shiga rami, ni ma na yi. Abin da yake fara koya maka ƙirga ne. Ya ce mai tsoro sauri yake yi, in ka ce ya ƙirga goma sai ya haɗiye biyar. Don haka a wurinsa ba a cewa ɗaya, biyu, uku. Sai dai "ɗaya da dutse, biyu da dutse, uku da dutse," yana buga maka a kafaɗa har abin ya zauna a jikinka. Har yau ko shayi nake jira ya huce, haka nake ƙirgawa.

Wata rana dutse ya gangaro ya murƙushe masa gwiwa. A wurinmu wanda aiki ya karya, in ya yi sa'a, Tozo ake kai shi. Ya hau da sanda, matakala ɗari da arba'in, kullum safe ya hau, yamma ya sauko. Daga nan sunan ya bi shi, domin shi kaɗai ne ke jin kowa.

Ga yadda abin yake. Oba-oba talatin da huɗu muke da su, layi kuwa ɗaya. In ka danna kana magana ba ka jin kowa. In mutum biyu suka danna tare, babu wanda maganarsa za ta isa, sai wani ƙugi kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wannan muke kira karo. Na cikin Babban Rami ba ya jin na Ƙarami, Tozo ya tare. Sai Kunne a sama, yana jin wannan yana jin wancan, yana isar wa kowa saƙon ɗan'uwansa.

Lokacin da muke mu shida kowa dannawa yake sanda ya ga dama, kuma babu laifi. Da muka yi yawa sai layin ya koma kasuwa. Kunne ba mutumin ƙorafi ba ne. Gwangwanayen madara biyu ya samo ya ajiye a tebur. Maganar da ta iso lafiya ya jefa tsakuwa a na dama, wadda ta mutu a hanya ya jefa a na hagu. Da yamma ya zazzage su a gaban manaja.

"Ranka ya daɗe, ga masu rai, ga gawarwaki. A cikin goma biyu ke isowa."

Manaja mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta yi masa yawa kamar kowa. Ya sa aka haɗa wani agogo da ke yin ƙit a layi duk daƙiƙa goma, ya ce kada kowa ya fara magana sai a kan ƙit ɗin. Aka yi wata biyu. Kunne ya zazzage gwangwani, masu rai sun kusa huɗu a cikin goma. An samu sauƙi, domin ba mai faɗo maka a tsakiyar zance, amma kowa na laɓe yana jiran ƙit, da ya yi sai a rufa masa kamar kaji an watsa tsaba.

Kunne ya ce a cire agogon, a koma abin da uwa ke koya wa ɗanta: ka saurara, in ka ji wani na magana ka bari ya gama. Wannan ya fi duka. A cikin rami ɗaya takwas ko tara ke isowa. Amma tsakanin ramukan biyu ba ta canja zane ba. Na Babba ya saurara ya ji tsit, na Ƙarami ya saurara ya ji tsit, su danna tare, kowa yana ganin ya yi ladabi. Sai ka ji muryar Kunne: "Karo! Ku sake."

A kan wannan sakewar suka saɓa da manaja. Manaja ya sa aka rubuta a allon ƙarfe a bakin rumfa: in an yi karo, ko ka yi kira ba a amsa ba, ka ƙirga uku ka sake. Kunne ya sauko takanas da sandarsa ya tsaya gaban allon.

"Ranka ya daɗe, in raguna biyu suka yi karo, kowanne ya ja baya taku uku, me zai biyo baya?"

"To me kake so a yi, Baba Kunne?"

"Kowa ya zuba tsakuwa a aljihu. In an yi karo ya cusa hannu ya ɗebo bai duba ba. Nawa ya samu, shi zai ƙirga. In an sake karo ya ɗebo da hannu biyu."

Rumfa ta kwashe da dariya. Mai katafila ya ce, "Kunne, duba ka koma yi a can sama? Ka duba mini ko matata za ta dawo."

Wani ya ce, "Dama a gida ana cewa dutse ya shige mana kai, yanzu kuma sai wando."

Auta ma ya yi dariya, har da riƙe ciki. Auta shi ne ƙaramin ƙanen Kunne, yana ɗan shekara huɗu ubansu ya rasu, a hannun Kunne ya tashi, shi ya kawo shi aikin, shi ya yi masa aure. Shi ke kula da famfuna huɗu masu zuƙe ruwa daga ƙasan Babban Rami. Ya ce, "Yaya, ka rufa mana asiri, ina da 'ya'ya mata, kada a ce gidanmu akwai taɓin hankali."

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce, "Doka ba ta tafiya da sa'a. In hatsari ya faru me zan rubuta? Kowa ya ɗebi tsakuwa?"

Allo ya zauna. Kuma gaskiya ya yi aiki shekaru, amma ba don kyansa ba. Yawancin mutane ba sa ƙirgawa, wani ya yi tsaki ya sake, wani ya kunna taba tukuna. Sakacinmu ne ya riƙa raba mu. Waɗanda ke ƙirgawa tsakani da Allah ba su da yawa. Ni ina ciki. Auta yana ciki.

Akwai kuma yoyo. Damina biyu Kunne yana faɗa cewa kwanon ɗakinsa ya huje daidai kan tebur. Aka ce za a zo. Ya sa roba yana tara, yana lulluɓe makirfo da leda.

Ranar Laraba ce, wajen ƙarfe biyu na rana. Tun safe an ɗura nakiya a ramukan bangon yamma na Babban Rami, za a tayar ƙarfe huɗu. Sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aka ce kowa ya fito. Muka zagayo da motoci muka taru a rumfar da ke gefen Ƙaramin Rami. Auta kaɗai ya gangara da ƙafa, domin in ruwa ya zo lokacin aikinsa ne, sai ya bi famfunan ya tabbatar suna ja.

Ba mu yi minti goma ba muka ji ƙasa ta girgiza, wani rugugi da ba na tsawa ba. Duk wanda ya daɗe a dutse ya san wannan ƙara. Bango ya zame.

Manaja ya ƙirga kawuna. Ya sake ƙirgawa. Ya ce, "Ina mai famfo?"

Nan take hannu talatin suka tafi ƙugu. Auta! Auta kana ina! Kunne, kana jin Auta? Wannan ya saki wancan ya danna. Daga sama ba amsa. Ba mu taɓa kiran Kunne ya yi shiru ba.

Abin da ya faru a saman Tozo sai bayan shekara guda Kunne ya faɗa mini, shi ma a gutsure. Iska ta ɗage kwanon, ruwa ya kwararo kan tebur, makirfo ya yi tartsatsi ya mutu. Na'urar tana ji, ba ta magana. Ƙaramin oba-obansa kuwa tun watan jiya ya ba wani sabon direba da bai samu ba. Yana zaune ruwa na zuba masa a wuya, yana jin mu talatin muna ihu, a ƙarƙashin ihunmu kuma wata 'yar murya kamar ta sauro.

"Yaya, ina..."

Sai ƙugi.

A rumfa manaja ya daka tsawa ya ce kowa ya sauke hannu, mutum ɗaya zai yi kira. Ya nuna ni, don ya san ina bin doka. Wasu suka ce a tafi kawai a duba. A duba ina? Famfo huɗu ne a kusurwa huɗu, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa tafiyar minti goma sha biyar ce ko da rani, hanyar mota ta yanke, bango kuma bai gama zubowa ba. Manaja ya ce ba zai tura mutum talatin su yi lalube a ƙarƙashin bango mai motsi ba sai an san wurin.

Na riƙe oba-oba da hannu biyu. Tsawa ta faɗi, layi ya cika da ƙarar ƙas-ƙas. Na saurara kamar yadda aka koya mini, na bari ta wuce, da na ji tsit na danna.

"Auta, Auta, kana ina? Amsa."

Shiru. Ɗaya da dutse, biyu da dutse, uku da dutse. Na sake.

A ƙasan Babban Rami, dutse a kan ƙafarsa, ruwa a ƙugunsa, Auta ma ya jira tsawar ta wuce. Da ya ji tsit ya danna. Ba a amsa ba. Ɗaya da dutse, biyu da dutse, uku da dutse. Ya sake.

Malami ɗaya ya koya mana. Hannu ɗaya ya buga mana a kafaɗa. Ni batirina cike yake, ina kan tudu, shi nasa ya kusa mutuwa, yana cikin rami. Duk sanda ya buɗe baki sai na hau kansa na danne. In muka ɗan goce wa juna, sai wata tsawar ta faɗi, mu jira ta tare, mu sake farawa tare. Kunne ya ce ya ƙirga sau goma sha bakwai. Auta ya fi ni saurin yatsa kaɗan, shi ya sa "Yaya" kaɗai ke kuɓuta kafin muryata ta rufe shi. Kuma kowane "Yaya" ya fi na baya rauni.

Kunne ya ce ya yi ihu ta taga har muryarsa ta dushe, ruwa ya cinye. Ya buga kwano da sanda. Ya kama makirfo ya girgiza, ya hura, ya goga a riga, ya roƙe shi kamar mutum. In ya sauko ya ƙwace oba-oba daga hannuna, kafin ya koma sama da wannan gwiwar rabin awa ta wuce, kuma a ɗakin nan kaɗai ake jin Auta. In ya zauna, zai saurari ƙanensa yana nutsewa da kunnensa. Ya ce bai taɓa tsanar wata murya a duniya kamar yadda ya tsani tawa ba a wannan lokacin. Ban ji haushi ba. Ni ma da na sani da na tsane ta.

Sai idonsa ya faɗa kan akwatin gilashi.

Dokar jiniya kowa ya san ta. In ta yi kuka uku, kowa ya saki oba-oba, ya shige maɓoya, bayan minti biyar nakiya za ta tashi. Ba mai cewa uffan a layi. Wanda kuma ya buga ta ba da takardar manaja ba, korarre ne, babu shari'a babu roƙo, domin ranar da mutane suka fara shakkar jiniya ranar za a kwashi gawa. Kunne da kansa yana cikin waɗanda suka nemi a kafa wannan doka.

Ya san mu, ya san za mu yi tsit. Abin da bai sani ba shi ne Auta. Yaron da ya raina ya koya wa biyayya, zai yi shiru shi ma, ko tsoro zai fi ƙarfin tarbiyya? Auta ya san an ɗura bangon yamma. Zai ɗauka an manta da shi, za a tayar a kansa, kuma yayansa ne ya danna.

Ya fasa gilashin da gwiwar hannu.

A rumfa yatsana ya saki madanni tun kafin kaina ya gane. Manaja ya buɗe baki yana kallon Tozo. Mai nakiya ya ɗaga makullinsa sama yana rantsuwa ba shi ba ne. Duk da haka muka ruga maɓoya, jiki ya saba. Layi ya yi tsit irin wanda bai taɓa yi ba tun da aka kafa shi.

Kuka na uku ya mutu. Kunne ya ce ya manna kunnensa a jikin na'urar. Ɗaya da dutse. Ba komai. Biyu da dutse.

"Kada ku tayar! Yaya, don Allah kada ku tayar, ina ciki! Ina famfo na uku! Yaya, ni ne, ni ne..."

Bai ƙirga ba, bai saurara ba. Ihu yake kamar yaron da aka kulle a ɗaki. Daga nan batirin ya ƙare.

Matakalar da ke cin Kunne kwata na awa, a kan ɗuwawu ya sauko ta, ruwa na tura shi, sanda ta tafi nata wuri. Muna maɓoya muka ga wani abu ya faɗo cikin taɓo ya miƙe ya sake faɗuwa. Wandonsa ya yage, gwiwar hannunsa na zubar da jini. Manaja ya tare shi.

"Baba Kunne, wa ya ba ka izinin..."

"Famfo na uku," ya ce. Bai ko dube shi ba. Ni ya duba. "Kai kuma ajiye abin nan. Ɗauko jak."

Mu tara muka gangara da igiya ta bangon gabas, da jak ɗin tifata da ƙarafa biyu. Ba zan ƙawata ba. Mun same shi ruwa ya kai masa haɓa, ya ɗaga kai sama kamar mai kallon jirgi, hannu ɗaya a sama riƙe da mataccen oba-oba don kada ya jiƙe. Sau uku ina nutsewa kafin jak ya samu wurin zama. Mai katafila ya tallafe masa kai yana cewa, "Shaƙi iska, ɗan banza, wa zai aurar mana da 'ya'yanka?" yana faɗa yana kuka. Da dutsen ya ɗaga muka jawo shi. Ƙafar ta biyo mu, amma kowa ya ga ba ta da sauran amfani.

A asibiti aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Kwana na uku na raka Kunne. Matar Auta ta ba shi kujera ta fita da yaran. Auta yana kallon bango.

"Yaya, ka san ina ciki ka buga."

"Na sani."

"Na yi salati. Na yafe wa kowa ban da kai."

"Na ji ka."

"Har fitsari na yi a wando."

"Ruwa ya wanke."

Auta ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Sannan ya juyo.

"Da na yi shiru fa? Yadda ka koya mini?"

Kunne ya dubi hannuwansa. Sannan ya miƙe, muka fito.

An kori Kunne ƙarshen watan. Manaja ya rubuta wa na sama takarda har shafi uku, aka ce doka doka ce. Da ya miƙa masa takardar sallama, Kunne ya ce, "Daidai ne, ranka ya daɗe. Ni ma da haka zan yi." Ya hau Tozo ya ɗauko gwangwanayensa. A makon nan aka gyara kwanon.

Yanzu Auta ne a ɗakin, na riga na faɗa muku inda ake kai wanda aiki ya karya. Yana hawa da sanduna biyu. In aka buga jiniya, ko ta gaskiya ce, sai ya toshe kunne da tafin hannu har ta gama, kowa ya sani, ba mai magana.

Allon ƙirga uku ni na kwance shi da sifana, ban nemi izinin kowa ba, ba wanda ya tambaye ni. Ba a rubuta sabuwar doka ba. Amma ka tsaya bakin rumfa da safe ka ga yadda aljihun mutane ke rinjaya gefe guda.

Kunne yana gida, yana gyaran rediyo a ƙofar ɗaki, idonsa ya fara rauni. In yaran gidan biyu suka yi magana tare sai ya tashi ya bar wurin. Ran nan na je gaishe shi, na zaro tsakuwa daga aljihu na nuna masa, ina zaton zai ji daɗi. Ya dube su, ya dube ni.

"Biyar," ya ce. "Jiya nawa ka ɗebo?"

"Biyar."

"To zaɓa kake yi da yatsa. Zubar, ka sake, kada ka lalluba."

Na zubar na sake.